Ajiyar Waina da Ƙullunta

Ƙasar Ungogo tana arewa da birnin Kano, gab da shi, har wani yankinta ya zagayo ta yamma. A cikinta akwai garuruwa da unguwanni kamar su Fanisau, da Rangaza, da Gayawa, da Zango, da Bachirawa, da Rijiyar Zaki. Mutanenta suna da yawa ƙwarai, gama ƙidayar da aka yi a shekarar 2006 ta nuna sun haura 360,000. Gonakinsu ƙanana ne, manne da juna, ana kuwa noma su kowace shekara ba hutu. Tun zamanin kakanni manoman wannan ƙasa sukan kai itace birni bisa jakuna, su komo da taki su zuba a gona. Saboda haka tun suna yara suke koyon tattali, ba su yarda abu mai amfani ya tafi a banza.

Cikin sana'o'in da matan wannan ƙasa ke yi a gidajensu akwai tuyar waina, wadda a wasu wurare ake kira masa. Tun da asuba akan ji ƙamshinta yana fitowa daga gidaje. Ɗalibai su saya kafin su tafi makaranta, masu zuwa aiki birni su ƙulla a hannu, manoma su tafi da ita gona. Ran Salla, ko ran suna, ko ran biki, akan toya ta da yawa, a ci da miyar taushe, ko da ƙuli-ƙuli, ko da sukari, ko da zuma.

To, amma waina tana da wani hali. Ba ta jure ajiya, ƙullunta ma haka. Mace takan zuba jarinta duka a cikin shinkafa da mai da itace, in ƙullun ya lalace a dare ɗaya, jarin ya karye. In kuwa ta ƙi zubarwa ta toya shi haka nan, ta sa lafiyar masu saye cikin hatsari, da yawansu kuwa yara ne. Don haka sanin ajiya rabin sana'ar ne.

Yadda Ake Haɗa Ƙullu

Ana yin waina da shinkafar tuwo, ko da gero, ko da masara, ko da dawa. Ta shinkafa ita ta fi yawa a yanzu. Akan jiƙa shinkafar ta sha ruwa, a wanke ta tas. Sai a ɗebi kaɗan a dafa, a bar ta ta huce, a haɗa da sauran, a kai inji a markaɗa. Abin da ya fito shi ne ƙullu. Daga nan sai a sa yis, ko nono, ko ɗan ragowar ƙullun jiya, a rufe, a ajiye ya tashi. In ya tashi sai a sa sukari, da gishiri, da albasa, da ɗan ruwan kanwa. A ɗora tanda a wuta, a ɗiga mai a kowane gurbi, a zuba ƙullu da ludayi. In gefe ɗaya ya yi ja a juya ɗayan.

A cikin wannan aiki duka, wurin da ya fi bukatar lura shi ne tashin ƙullu, don a nan ne ake samu, a nan ne kuma ake asara.

Abin da ke Cikin Ƙullu

Wanda ya buɗe ƙullu da asuba zai ga ya kumbura, ya cika roba, kumfa yana ɓullowa a samansa. Me ya kumbura shi, alhali ba wanda ya taɓa shi cikin dare? Amsar ita ce, ƙullu yana da rai. Akwai waɗansu halittu a cikinsa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin nan mai ƙara girman abu.

Iri na farko shi ne yis. Yis yana cin zaƙin da ke cikin ƙullu, ya fitar da iska, irin iskar nan da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi. Iskar ba ta da hanyar fita, sai ta maƙale a cikin ƙullu ta kumbura shi. Ita ce ke barin ƙananan ramukan da ake gani in an gutsuri waina, ita ce kuma ke sa ta yi taushi. Iri na biyu su ne ƙwayoyin da ke kawo tsami, dangin waɗanda ke mai da madara nono. Su ke ba waina ɗan tsamin nan nata mai daɗi.

Mutanen da sun iya tuyar waina ba tare da sun san wannan ba. Wani mutumin ƙasar Holan, sunansa Antonie van Leeuwenhoek, shi ya fara ganin yis ta madubin da ya ƙera da hannunsa, a shekarar 1680. Daga baya, a shekarar 1857, wani masani Bafaranshe mai suna Louis Pasteur ya nuna cewa tsamin nono aikin halittu masu rai ne.

Waɗannan halittu ba su san ƙullu ya kai yadda ake so ba. Muddin akwai abinci da ɗumi, ci gaba suke yi. In aka bar su suka wuce lokaci, sai su cinye zaƙin duka, tsami ya yi yawa, kumfar ta fashe, ƙullu ya faɗa ya tsinke. Wainar irin wannan ƙullu ba ta tashi a tanda, mai take sha, ta kama, ta yi tsamin da ba ya ciwuwa. Banda wannan kuma, akwai mugayen ƙwayoyi masu kawo cuta, waɗanda ƙuda, da ƙazamin hannu, da gurɓataccen ruwa ke kawowa. Waɗansunsu in sun sami ɗumi sukan rabu biyu kowane minti 20. Ga yadda ƙwaya ɗaya tak ke yawaita:

Bayan awa 1, ta zama 8.
Bayan awa 2, ta zama 64.
Bayan awa 4, ta zama 4,096.
Bayan awa 6, ta zama 262,144.
Bayan awa 7, ta haura 2,000,000.

Wannan lissafi ya nuna dalilin da ya sa abincin da aka bari da rana lafiya lau, da dare yake kwantar da mutum.

Zafi da Sanyi

Zafi yana gaggauta aikin ƙullu, sanyi yana jinkirta shi. Mai waina da ta gane wannan ta kama linzamin ƙullunta.

Da hunturu, watau cikin watannin Disamba da Janairu, dare yakan yi sanyi a ƙasar Kano. A lokacin ƙullu yakan yi nawar tashi. Sai a haɗa shi da wuri, a lulluɓe robar da tsumma mai tsabta, a ajiye ta a ɗaki, ko kusa da murhun da wutarsa ta mutu. Bai kamata a yi gaggawar ƙara yis da yawa ba, don yakan bar wari a cikin waina. Hausawa sun ce, abin da ruwan zafi ya dafa, in an yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa.

Da bazara kuwa, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan kai digiri 40 a ma'aunin zafi. A lokacin ƙullu yakan tashi cikin 'yan awoyi kaɗan. Wanda aka haɗa da la'asar, kafin asuba ya wuce wuri. Sai a jinkirta haɗi zuwa bayan lisha, a rage yis, a nemi wuri mafi sanyi a gidan.

Da damina zafi yakan ragu, amma iska takan cika da laima, ƙudaje su yi yawa. A lokacin ne funfuna ta fi saurin kama abinci, rufi da tsabta kuma suka fi zama tilas.

Ajiyar Ƙullu

Ajiya tana farawa tun kafin a jiƙa shinkafa. A wanke hannu da sabulu. A wanke roba da ludayi, a kife su su bushe. A yi aiki da ruwan da za a iya sha. In an je inji, a roƙi mai inji ya ɗauraye shi, don ragowar markaɗen wani da ya kwana a ciki yakan ɓata sabon ƙullu.

Sa'an nan a zuba ƙullu a mazubi mai faɗi, kada ya wuce rabinsa, don ya sami wurin tashi. A rufe shi da faifai ko da murfi, amma kada a toshe shi ƙam, gama iskar da ke ciki tana iya ture murfin, ƙullun ya malale.

Wata dabara mai amfani ita ce, kada a sa sukari da albasa da kanwa a cikin ƙullu duka. A ɗebi wanda za a toya yanzu a wani kwano, a gyara shi, a bar sauran yadda yake. Dalili kuwa, sukari abincin yis ne, yana ƙara masa sauri. Albasa takan sake wari in ta daɗe a ciki. Kanwa kuma aikinta kashe tsami, alhali wannan tsamin yana taimakawa wajen hana mugayen ƙwayoyi yawaita. Ƙullun da ba a gyara ba ya fi wanda aka gyara jure ajiya.

Gidan da ke da firij, a sa ragowar ƙullu a ciki nan da nan. Sanyin firij mai kyau bai wuce digiri 5 ba. Wannan sanyi ba ya kashe yis, kwantar da shi yake yi, sai aikinsa ya zama a hankali ƙwarai. Ƙullu yakan yi kwana ɗaya ko biyu a haka. In za a toya, a fito da shi da wuri ya sake, a motsa shi a hankali. In an ɗauke wutar lantarki, kada a riƙa buɗe firij, gama in yana rufe yakan riƙe sanyinsa kamar awa 4. In wutar ta daɗe ba ta komo ba, gara a toye ƙullun.

Gidan da ba firij kuwa, akwai randa. Randar ƙasa tana tsattsafar da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, wannan bushewa ita ke janye zafi, ruwan ciki ya yi sanyi. Ana iya girke kwanon ƙullu a gindin randa, bisa jiƙaƙƙen yashi, a inuwa inda iska ke wucewa, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ɗauki wannan ilimi na iyaye ya kyautata shi. Yakan sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Abin da aka sa a ƙaramar tukunyar sai ya yi sanyi. Ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka, har aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Tukunyar ta fi aiki da rani, sa'ad da iska ke bushe. Sai dai sanyinta bai kai na firij ba. Tana iya kai ƙullu daga dare zuwa safe, ko daga safe zuwa yamma, amma ba ta kai shi kwanaki.

Ajiyar Waina

Da zarar ƙullu ya shiga tanda, zafi ya kashe yis, tashi ya ƙare. Daga nan abokan gaban waina uku ne: gumi, da tauri, da ƙwayoyin cuta.

Waina mai zafi tana fitar da tururi. In aka ƙulle ta a leda tana da zafi, tururin ya rasa mafita, sai ya koma ruwa ya jiƙa ta. Ɓawonta mai gardi ya caɓe, ta soma yauƙi da wuri. Saboda haka wainar da za a ajiye, a jera ta a faifai ko a tire, a rufa mata ƙyalle marar nauyi don ƙuda, ta huce tukuna. In ta huce a shimfiɗa tsumma mai tsabta a gindin kwano, a jera ta, a rufe. Tsumman zai tsotse gumi da rarar mai. Wadda za a sayar yanzu kuwa, ko za a kai gidan biki, a zuba ta a kula tun tana da zafi, a ci ta kafin ta huce. Abin gudu shi ne ɗumi-ɗumi, don shi ƙwayoyin cuta suka fi so.

Tauri kuma daga sitacin shinkafa yake. Sa'ad da aka toya waina, sitacin yakan sha ruwa ya yi laushi. In ta huce ta daɗe, sai ya sake curewa, wainar ta yi tauri. Sanyin firij yana ƙara saurin wannan curewa, shi ya sa wainar firij takan fito kamar dutse. Wannan ba lalacewa ba ne, zafi yana warware shi. A yayyafa mata ruwa kaɗan a turara a madambaci, ko a mai da ita tanda da ɗigon mai, sai ta komo da taushinta. A bar ta ta yi zafi har cikinta, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin digiri 70 ne ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Ɗumame kuwa sau ɗaya ake yinsa. Abin da ya ragu bayan ɗumame ba a sake ajiye shi.

Wainar safe a ci ta a ranar. Ta firij kada ta wuce kwana ɗaya ko biyu. Ɓangaren firij mai yin ƙanƙara shi ne ke riƙe ta makonni, in an ƙulle ta da kyau kuma wuta ba ta yankewa.

Akwai wani abu da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. Miya ta fi waina saurin lalacewa. Miyar taushe tana da nama, da gyaɗa, da kabewa, da ruwa mai yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a bar dafaffen abinci a ajiye haka nan fiye da awa 2. Don haka miya ta zauna bisa wuta, ko ta shiga firij. Kada kuma a zuba ta a kan wainar da za a ajiye, kowa da kwanonsa.

Alamun Lalacewa

Ƙullu mai kyau yana da ɗan tsami mai ƙamshi irin na nono. In ɗan ruwa ya taso a samansa ba laifi, motsawa ake yi. Amma in ya soma warin ruɓa, ko launinsa ya sake, ko aka ga ɗigo-ɗigo baƙi ko kore a samansa, ya lalace. Waina kuma, in an raba ta biyu aka ga yauƙi yana ja kamar zare, ko ta yi yami, ko funfuna ta fito mata, ta tashi daga abinci.

A nan ne waɗansu ke kuskure. Mace ta ga ƙullunta ya ɓaci, ta tuna kuɗin da ta kashe, sai ta ƙara kanwa da sukari don ta ɓoye tsamin. Kanwa tana kashe tsami a baki, amma ba ta gyara abin da ya ruɓe. Wuta ma ba kullum take ceto ba. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a jikin shinkafa, wadda dafuwa ba ta gamawa da ita. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ɗumi, sai ta farfaɗo ta zuba dafinta, wannan dafi kuwa ko an sake ɗumamawa yana nan. Shi ke sa amai da ciwon ciki. Haka nan gutsure wurin da funfuna ta fito a ci sauran ba dabara ba ce, don saiwoyinta sun riga sun ratsa ciki. Yaron da ya kamu da gudawa yakan rasa kwanakin makaranta, iyayensa su kashe kuɗin da ya fi na ƙullun, mai waina kuma ta rasa masu saye. Rigakafi ya fi magani.

A Waɗansu Ƙasashe

Ba Hausawa kaɗai ke fama da wannan ba. A kudancin Indiya ana tsima ƙullun shinkafa da wani irin wake, a toya shi a kasko mai gurabe kamar tanda. A gaɓar gabashin Afirka, wajen Zanzibar da Mombasa, suna da wainar shinkafa da kwakwa, suna kiranta vitumbua. A Ingila da Amurka akwai wani ɗan kek da ake kira mafin, ana gasa shi a faranti mai gurabe. Ƙullunsa na fulawa ne da ƙwai da madara, saboda haka ba a barinsa a waje, firij ake sa shi. Su ma sukan bar mafin ya huce kafin su rufe shi, su shimfiɗa takarda a gindin mazubin don ta tsotse gumi. Abinci ya bambanta, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Ajiyar da ta Fi Kowace

Busasshiyar shinkafa takan yi watanni a buhu ba abin da ya same ta. Ranar da ta shiga ruwa, kwanakinta sun zama ƙidayayyu. Ƙullu yini ɗaya ne ko biyu, waina ma haka. Don haka mai waina mai hankali takan ajiye dukiyarta a bushe, ta jiƙa daidai abin da za ta sayar. Takan lura da ranakun da ciniki ke yawa, kamar ran kasuwa da ran Juma'a, da ranakun da yake raguwa, kamar lokacin hutun makaranta. In jiya mudu uku ta jiƙa ta yi kwantai, yau sai ta jiƙa biyu. Gara waina ta ƙare mai saye ya komo gobe, da a wayi gari ana zubar da ita. In kuwa ta ragu da yamma tana da kyau, a ba maƙwabta da almajirai tun tana ciwuwa, a sami lada.

Yara ma suna da nasu aikin. Su ne ake aike inji, su ne ke ɗebo ruwa, su ne ke wanke kwanoni. Yaron da ya rufe ƙullu a hanya, bai tsaya wasa da shi cikin rana ba, bai tsoma hannu a ciki ba, ya tsare jarin mahaifiyarsa, ya tsare lafiyar waɗanda za su ci.

Tambayoyi

1. Faɗi garuruwa huɗu da ke cikin ƙasar Ungogo.
2. Me ke sa ƙullu ya kumbura, me kuma ke sa shi tsami?
3. Don me ake jinkirta haɗa ƙullu da bazara?
4. Don me ba a sa sukari da kanwa a cikin ƙullun da za a ajiye?
5. Bayyana yadda tukunyar Mohammed Bah Abba ke sanyaya abu.
6. Ƙwaya ɗaya tana rabuwa biyu kowane minti 20. Nawa za ta zama bayan awa 3?
7. Faɗi alamu uku da ke nuna waina ta lalace.

Aiki

A sami ƙullu kaɗan a raba shi a kofi biyu daidai wa daida, a yi alama a jikin kowane kofi inda ƙullun ya tsaya. A rufe su, a ajiye ɗaya a rana, ɗaya a gindin randa. A duba su kowace awa, a rubuta abin da aka gani a littafi. In an gama a zubar da ƙullun, a wanke kofunan.